Na Rubuta Sunanki da Fensir

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya lau, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, Ya raya mana 'Yan Biyu. Ni ma alhamdu lillahi, keken ɗinki na juyawa, masu zif ya lalace ba sa ƙarewa. Na san za ki ce yau wace rana, Yaya da wasiƙa? To, maganar ba ta waya ba ce, don ko na kira ki, minti biyu kin ce tukunya na kan wuta.

Wata biyu ke nan haƙori ya matsa mini, aka rubuta mini maganin kwana bakwai. A rana ta huɗu na tashi jikina ya yi ruɗu-ruɗu, ƙuraje jajaye tun daga wuya har cinya, ga ƙaiƙayi kamar an zuba mini tururuwa a riga. Kin san taurin kaina, na ce zafi ne, na ci gaba da sha har leɓena ya kumbura. Likita ya yi mini faɗa tas. Ya ce jikina ne ba ya karɓar maganin, in daina nan take, kuma kada in sake kusantarsa, don karo na biyu yana iya toshe mini numfashi. Ya ba ni ƙwayar ƙaiƙayi da man shafawa, ya haɗa mini da wani ɗan kati mai ɗauke da sunan maganin, ya ce kullum ya zauna a jakata. A ƙasan katin akwai layin da ake rubuta ɗan'uwan da za a kira, wanda zai yi magana a madadina in an kawo ni ba na iya buɗe baki. Na ce masa zan cike a gida.

Hannu da ƙafa duk na iya shafawa, amma tsakiyar baya ta gagare ni. Sai na ɗauko doguwar rular katakon da nake auna yadi, na naɗe bakinta da ƙyalle, in lakato man, in juya wa madubi baya ina lalube. Wallahi da kin gan ni sai kin yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, sai dai dariyar mutum ɗaya a ɗaki ba ta daɗewa. Tun rasuwar maigidana, in ba ƙarar firji ba, babu abin da ke amsa mini a gidan nan.

Kusa da shagona akwai wata mata mai maganin da suke kira homiyofati, mu dai Mai Kwalabe muke ce mata, saboda ƙananan kwalabe da ta jera har rufi. Da ƙaiƙayin ya ishe ni na leƙa. Abin da ta fara tambaya shi ne ko likita ya gani, ta ce nata ba ya maye gurbin nasa, kada in kuskura in ajiye man. Daga nan ta zaunar da ni fiye da awa guda tana tambaya tana rubutawa: yaushe ya fi ƙaiƙayi, ruwan sanyi ya fi mini ko na ɗumi, wane gefe nake kwanciya, in raina ya ɓaci kuka nake ko shiru. Ke, rabon da wani ya tambaye ni gefen da nake kwanciya har na manta! Ta ba ni wasu fararen ƙwayoyi kamar kan fil, a zuba a murfi, a sa ƙarƙashin harshe, ba a taɓawa da hannu. Likita da ya gani ya ce sukari ne kawai, daina maganin ne ya warkar da ni. Ban yi musu da shi ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Auta. Ƙurajen sun baje tun mako uku da suka wuce, amma ban daina zuwa wurinta ba. Duk Talata sai in rufe shago in je in ce har yanzu da saura, don kawai a sake yi mini tambayoyin nan. Ni da girmana! Wannan Talatar ta duba hannuna da wuyana, ta ce fata ta yi sumul. Sai ta tambaye ni wa ke shafa mini man a baya. Na ce rula. Ta mayar da kwalbar da ta ɗauko inda take, ta ce wannan ciwon ba ta da kwalbarsa. Ta nemi in nuna mata katin, ta ɗora yatsa a kan layin da babu komai. Kunya ta kama ni, na yi kuka a gabanta.

Ban manta abin da na faɗa miki ranar rasuwar Inna ba, cewa kin bar ni da jinya ni kaɗai, kuma ba na bukatar kowa. Baƙin ciki ne ya yi magana da bakina, ki yafe mini. Kaɗaici ya ishe ni, kuma ina jin tsoro. Ba cewa nake ki baro gidanki ki taho ba. Ga sunan maganin nan na kwafa a 'yar takarda na saka a ciki, ki haddace shi, ki ajiye inda ba zai ɓata ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da 'Yan Biyu, da Takwara mai surutu, da Gwaggo in kin leƙa ta. Ki ce wa Kawu ina nan da raina.

Sunanki da lambarki na rubuta a layin nan, amma da fensir, don ban san ko kin yarda ba. In kin amsa, sai in bi kai da biro.

Taki har kullum,
Yaya