Na aiki surukata jego, ashe jirgin sama take hawa

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, kunya ta hana ni sakat. Ni mazauniyar Jurf ce a Madina, asalinmu Sudan. 'Yata Sundus ta yi haihuwar fari a Malaga, wani gari a Sifen, ni kuma bizar zuwa ta gagara. Ɗana Abdulmajid yana Bari ta Italiya da matarsa Munirat. Da na ji cewa garuruwan biyu duk a bakin teku ɗaya suke, sai na ɗauka kamar Yanbu ne da Jidda, a hau mota a bi gaɓa. Na kira Munirat na ce duk ƙarshen mako ta leƙa ta tsaya wa Sundus a kan wankan jego, ta dama mata kunun kanwa. "To" kawai ta ce mini.

Jiya maƙwabciyata Najwa ta nuna mini taswira a waya. Wallahi nisan ya fi daga Madina zuwa Khartum! Ashe jirgin sama take bi, awanni a sama, ita Munirat ɗin da ta zo Umra bara ta sauka cike da tsoron jirgi. Ga aikinta na gidan kula da tsofaffi, daga filin jirgi take wucewa can. Ko sau ɗaya ba ta nuna mini gajiya ba, sai hotunan jariri tana dariya. Ban taɓa ganin yarinya irinta ba, har kuka na yi.

In na ce ta daina, ina tsoron ta ɗauka na raina hidimarta, ga Sundus ba ta yi arba'in ba. In na yi shiru, zan kassara 'yar mutane. Ya zan yi?

Uwar mai jego, Jurf

Amsa

'Yar'uwa, ki share hawayenki, Allah ya ba ki suruka ta gari. Ba mugunta kika yi ba, bakin teku ne ya ruɗe ki. Amma yanzu kin sani, shiru ba naki ba ne kuma.

Gaskiya mai jego tana buƙatar mace kusa da ita. Sai dai ba dole ta sauko daga jirgi ba. Mijin Sundus ya tambaya a masallacinsu, da wuya a rasa dattijuwar da za ta riƙa leƙa ta. Kunu kuwa ki koya masa ta waya, hannunsa ba zai karye ba.

Munirat kuma ki kira ta da kanki, kada ki aika ta bakin ɗanki. Kada ki fara da maganar dainawa. Ki fara gaya mata kin ga nisan da idonki, ki gode mata, ki sa mata albarka. Sannan ki roƙe ta ta huta sai ranar arba'in. Ta ɓoye wahalarta don kada ki ji kunya. Ke ki ajiye kunyar don ta samu ta yi barci.

Allah ya raya jariri, ya ba Munirat masu yi mata yadda ta yi muku.