Aminina Ya Maido Mini Da Likkafanina

Assalamu alaikum, Malama Badi'a mai filin shawarwari. Ki taimaki dattijon da ya isa ya haifi mahaifinki, domin a garinmu na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekaruna tamanin da ɗaya. Na yi makarantar horon malamai tun ana tsoma alƙalami a tawada, na koyar a Kara da Kabo, na yi ritaya ina hedimasta. Matata Hajaratu ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yata ɗaya, Sa'adiya, tana aure a Kano, ita ta sa mini sola da talabijin a zaure don kada kaɗaici ya ƙarasa ni. Ƙafafuna a kumbure suke, ko masallacin ƙofar gida sai da sanda.

Talabijin ɗin nan ya tara mini majalisa. Kullum bayan la'asar dattawa biyar ko shida suna kan bencina. Ni labarai nake so, su kuwa wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Rimot yana hannuna, kuma ba na ɓoye ra'ayina: 'yan siyasa duk jirgi ɗaya ya kwaso su, yaƙin da ake yi a dazuka kasuwa ce ta manya, waɗannan wasanni kuma shirme ne da ke mayar da magidanta yara. Shekara sittin ina bin labaran duniya, ban ga wanda zai gyara mini ba.

Cikinsu akwai Sajo, aminina tun muna kiwon awaki a Unguwar Tudu. Manomi ne, bai yi boko ba. Ranar bakwan Hajaratu na sayi likkafanina na ba shi ya ajiye a akwatinsa, muka yi alkawari shi zai yi mini wanka, shi zai sa ni a kabari. In ya riga ni, ni zan yi masa. Ɗansa Abdulnasir soja ne, ni na koyar da shi a aji huɗu. Sandar nan ma da nake dogarawa shi ya kawo mini a hutunsa na ƙarshe. Bara aka yi musu kwanton ɓauna aka kashe shi. Ba a kawo gawa ba, waya kawai aka yi wa uban.

Ranar wata Alhamis, mako uku ke nan, a cikin wasan aka nuno wani soja ya dawo gida da jakarsa a kafaɗa. Sajo ya matso har yana neman faɗowa daga benci, ya ce, "Malam, dubi tafiyarsa, sak ta Abdulnasir." Lokacin labarai ya yi, sai na sauya tasha. Ya ce, "Don Allah ka bari ya ƙarasa shiga gida." Na ce masa wannan ɗan wasa ne ya ari kaki, kuma irin wannan ƙarya ce ke sa talakawa su miƙa 'ya'yansu. Da na fara ban tsaya ba. Na ce Abdulnasir ba ƙasa ya mutu dominta ba, gadin dukiyar ɓarayi ya yi. Na ce na san kansa, ko jadawalin bakwai bai iya ba, da ya yi karatu da bai ɗauki bindiga ba, kuma uban da ya sa hannu a takardarsa ba tare da ya iya karanta ta ba shi ya kai shi ga mutuwa.

Sajo ya miƙe. Ya laluba takalminsa ya fita.

Washegari ba wanda ya zo. Bayan kwana biyu na ga an kafa sabon benci a ƙofar shagon Ya'u tela, daidai inda zan hango su, suna kallon wasan a waya. Sun sa mini suna Mai Sharhi. In na wuce sai wani ya ce, "A yi shiru, labarai za su wuce." A sahu, wanda ke kusa da ni yana idar da salla yake tashi. Ran nan na faɗi a bakin kwata, suna gani, sai wani baƙo mai babur ne ya tashe ni.

Shekaranjiya kuma na tarar da baƙar leda rataye a ƙusar ƙofata. Likkafanina ne, da ninkinsa yadda na ba shi. Ya'u ya ƙwala mini saƙon daga tsallaken hanya: wai Sajo ya ce in nemi mai ilimi ya wanke ni, hannun jahili bai dace da jikina ba.

Malama, a cikin abin da na faɗa wace kalma ce ƙarya? Na rubuta masa wasiƙa shafi huɗu da hujjojina, shin in ba wa Ya'u ya karanta masa? Ledar tana nan kan kujera, na kasa sa ta a akwati. Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona a ɗauko wanda bai san ni ba ya juya ni kamar buhu.

Tsohon Hedimasta, Gwarzo

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya ji ƙan Inna Hajaratu.

Ka nemi gaskiya, kuma na ga ba ka saba rage wa kowa ita ba, don haka ba zan rage maka ba. Ra'ayinka kan siyasa da yaƙi naka ne, mutane da yawa ma suna tare da kai. Amma Baba Sajo bai tambaye ka ra'ayi ba. Mutumin da bai ga gawar ɗansa ba, bai wanke shi ba, bai san kabarinsa ba, minti ɗaya ya roƙe ka don ya ga wani mai irin tafiyarsa ya shiga gida. Ka hana shi, sannan ka ce masa ɗan nasa daƙiƙi ne, kuma shi uban ne ya kashe shi. Wannan ba sharhi ba ne, Baba, yanka ne.

Su ma ba su kyauta ba. Barin dattijo kwance a kwata abin kunya ne, rataye likkafani a ƙusa kuma ya yi tsanani. Sai dai ba kai za ka karanta musu wannan ba.

Ka yaga wasiƙar. Shafi huɗu a bakin Ya'u, a gaban majalisa, yankan ne za ka maimaita. Ka kira Sa'adiya ka faɗa mata komai, har faɗuwar, ta zo a duba ƙafafun nan. Sannan ka je gidan Baba Sajo da kanka, da hantsi, lokacin da ba jama'a. Kada ka ɗauki ledar, don kada ya zaci wankanka ka zo nema. Ka ce ka zalunce shi, ka zalunci Abdulnasir, kada kalmar "amma" ta biyo baya. Shekara guda yaron yana ajinka, ba jadawali kaɗai ka sani game da shi ba. Ka tuno alheri ɗaya da ya yi ka ba uban, domin shi ne abin da ba shi da inda zai samo.

Yana iya rufe maka ƙofa. Ka koma mako mai zuwa. Ba zan yi maka alkawarin zai karɓi likkafanin ba. Musulmi ba za su bar ka ba wanka ba, amma hannun Baba Sajo shi kaɗai ke da ikonsa. Ka tuna kuma alkawarin biyu ne: in ya riga ka, da wace fuska za ka shiga a ba ka ruwan?

Tafiyar za ta yi maka wuya, na sani. Ka dogara da sandarka a hankali, in kuma ka isa ka fara da gaya masa wanda ya kawo maka ita. Allah ya sassauta zukatanku, ya sa ku gama lafiya da juna.

Badi'a