Robar da ke Wuyan Yaya Bukar

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya kai haske makwancinki.

Inna, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar da likita ya ce za a sa wa Yaya Bukar roba a jijiyar wuya, irin wadda aka sa miki, na fita bayan ɗaki na zauna. Baba ya zaci alwala na tafi.

Muna Kano, a asibitin da kika kwanta. Hanjin Yaya ne ya huje, daga bakin kogi abokan kamun kifinsa suka ɗauko shi. An yi masa aiki. Ba ya iya cin komai, ta robar nan ruwa da magani suke shiga.

Na tuna lokacinki. Mutanen Haɗeja suka cika mota suka zo dubiya. Kowa sai ya dafa wuyanki ya yi tofi. Goggo Falmata ta ɗaga filastar ta shafa miki man kaɗe, don ta ga wurin ya yi ja. Don ƙauna suka yi. Bayan nan zazzaɓi ya taso, kina rawar ɗari ana tsakiyar bazara.

Yanzu akwai wata sista a ɗakin. Ta ce mini robar kamar hanyar ban ruwa ce, duk abin da ya faɗa bakinta sai ya isa gona. Kullum da safe takan wanke hannu har gwiwar hannu, ta duba wurin, ta auna zafin jikin Yaya, ta tambayi likita ko lokacin cirewa ya yi. Ta nuna mini abin da zan lura da shi: ja, kumburi, ko ruwa.

Wurin Yaya a bushe yake, Inna. Jiya har ya ce kwaɗayin miyar tarwaɗa yake yi.

Gobe Goggo Falmata za ta zo. Kin sha cewa, "Hauwa, maganarki sai an tono ta kamar gwaza." Ban taɓa ɗaga ido na kalli Goggo ba. Amma na ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Zan durƙusa in gaishe ta, in zuba mata ruwa da kaina, in roƙe ta ta yi addu'arta daga wajen ƙafafunsa. In ta miƙa hannu wuyansa, zan riƙe hannun.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya mayar mana da Yaya gida da ƙafarsa.

'Yarki,
Hauwa