Ɗinkinki a Ƙirjin Wani

Ya Peirona, sanyin idona, inabin da ya nuna a reshen da hannuna bai kai ba, ruwan kogin Garon da nake sha tun ƙuruciya har yau ƙishina bai tafi ba. Ina gaishe ki, amma kada ki zaci da farin rai nake gaisuwar.

Tun da mutanen Sarkin Faransa suka ci garinmu, mu 'yan bakan Sarkin Ingila muka gudo wannan ƙetaren kogi, ban taɓa zarginki ba. Da aka ce an tilasta wa kowa a garin ya ɗinka farin gicciyensu a riga, cewa na yi to sai me? Mu mutanen Gaskoni mun saba. Sarakuna biyu 'yan dangi ɗaya su yi ta jayayya kan gadon kakansu, mu kuma mu yi ta sauya ƙyalle a ƙirji.

Shekaranjiya muka kama wani sojansu a mashigi, wai shi Colinet, dogo, mai wuya kamar na dinya. Na cakumi ƙirjin rigarsa zan ɗaure shi, sai idona ya faɗa kan gicciyen da ke jikinta. Peirona, ɗinkinki ne. Wa ke karkata zare hagu a ƙasar nan in ba ke ba, bahaguwa? Wa ke rufe kowace kusurwa da ɗan ƙulli kamar ƙwayar inabi? Na dubi nasa fari, na dubi nawa ja, hannu ɗaya ne ya yi su.

Kin tuna ranar da kika ɗinka nawa? Mun gama tattake inabi, ƙafafunmu jajur har gwiwa. Kika hana ni tuɓe rigar, kika ce, "Tsaya cak, sarkin motsi, in na soke ka kai ka jawo." Da kika gama kika sunkuya kika yanke zaren da haƙori, numfashinki na sauka a ƙirjina. Ashe kowa ake yi wa haka? Ashe wannan numfashin ba nawa ba ne ni kaɗai?

Na tambayi Colinet ko ke kika ɗinka masa. Ɗan banzan, ga igiya a hannunsa, ya washe baki ya ce, "Haba maharbi, duk masu gadin ƙofa ita ta ɗinka musu. Ni dai ce min ta yi in tsaya cak." Ni ban faɗa masa wannan maganar ba. A ina ya ji ta? Kishi ke cina, Peirona.

Shugabanmu ya ce a rataye shi, kuma Allah ya sani har reshen na zaɓa. Sai na tuna za ki iya yi masa kuka. Da mai rai zan iya takara, amma yaya zan yi da gawar da kika zubar wa hawaye? Na yanke igiyarsa. Shi zai kawo miki wannan takarda, ki dube shi da kyau da rana tsaka, ki ga wuyan nan.

Yanzu igiyar tasa ni take jira. Na warware jan gicciyena, ga shi a naɗe a ciki, ƙullinki ko ɗaya ban tsinka ba. Ranar Lahadi zan tsallako ta mashigin da ke bayan injin niƙa, sanye da riga ba alama. Kin san mai irin wannan riga, namu su harbe shi ta baya, naku su harbe shi ta gaba. Ki fito da allura. Ja ko fari, ki zaɓa min sarkin da kika ga dama, zan bi. Roƙona ɗaya ne, ƙirjina ya zama na ƙarshe da za ki sunkuya a kai.

In ba ki fito ba, ina nan a tsakiyar ruwa, zan tsaya cak.

Naki, ko da wane sarki ya wayi gari da garin,
Gassiot