Ga Habu, Kan Hoton Jar Mota

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can Gabon, ina sanar da kai hotonka ya iso unguwarmu New Bell ta hannun direban da ka ba. Inna ta rungume shi a ƙirji, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo: ga ka cikin kwat, ga jar mota a bayanka. Kowa ya yi mana barka. Ni kaɗai na koma shago na zauna.

Habu, wa ya ɗauke ka? Ko wane ne bai san aiki ba, kai kuma ka manta abin da na koya maka.

Ka tuna farkon kiriz, wato matsin tattalin arzikin nan, da kamfanonin unguwar Bassa suka shiga sallamar ma'aikata? Lokacin ne shagonmu ya cika. Mutum bai karya ba tun safe, amma zai zo a ɗauke shi da kwat ɗin aro, kusa da firijin nan namu da ba shi da inji, ya aika wa iyayensa Garwa ko Marwa. Kai ke ɗaura musu laktaye, ni ina bayan kamara. Rabin unguwa mun yi musu arzikin takarda, kuma ba uwar da ta taɓa gano mu.

To bari in maimaita maka karatun. Mai mota jingina yake da motarsa, har ya ɗora gwiwar hannu a kai. Kai ka tsaya nesa da ita kamar mai tsoron maigadi ya fito. In kwat ta yi maka yawa, kama ta ake yi da fil ta baya. Hannun taka ya sauko har rabin tafin hannu. Kuma ba a ɗaukar wanda ya rame da tsakar rana, domin rana a tsaka tona ramin ido take yi. A jira la'asar, a juya fuska wajen haske, sai kumatu su ciko.

Hannu kuwa, sau nawa na ce maka a aljihu ake ɓoye shi? Fuska ta iya murmushin dole, hannu bai iya ba. Na ɗauko madubin nan mai ƙara girman abu da nake duba fim da shi, na ga yadda siminti ya tsattsaga maka yatsu. Kai da Inna ba ta bari ka ɗauki ko bokitin ruwa saboda ciwon ƙirjinka.

Sai ga Inna ta ce in ƙara girman hoton ta rataye a ɗaki. Na ce mata takardar hoto ta ɓace a kasuwa tun da darajar kuɗi ta karye. Ka san bakina, ni da ɗan sanda zai zo karɓar na goro in lallaɓe shi ya tsaya a ɗauke shi. Amma ita ta haifi mai bakin. Ta ce to in ara mata madubin.

Na kai mata, Habu. Ban sami ƙaryar da zan ƙara ba.

Ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana bin hoton a hankali, daga fuska zuwa ƙasa. Da ta gama ta goge shi da gefen zaninta, ta ce in faɗa maka ka yi kyau. Tun ranar ba ta sake nuna wa kowa shi ba.

Washegari ɗan hayar da ta yi wa alkawarin ɗakinka ya zo da kayansa a baro, ta ba shi haƙuri ya koma. Ta share ɗakin da kanta, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, kullum da hantsi takan buɗe tagar don ya sha iska. Ba ta ce in rubuta maka wannan ba, kuma na san ba za ta ce ba.

Allah Ya rufa maka asiri a inda kake, Ya warkar maka da hannuwan nan, Ya sauƙaƙa maka hanyar gida tun Inna tana iya tashi ta buɗe tagar.

Yayanka,
Bala mai hoto