Lasifikar Gargaɗi da Ke Mutuwa da Zarar Hadari Ya Haɗu

Zuwa ga Shugaban kwamitin gargaɗin zaftarewar ƙasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Sunana Hadiza, muna haya a gindin tudu a Maje. Maigidana yana aiki a Abuja, ni ke wuni da mahaifinsa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗakin Baba shi ne na ƙarshe, bayansa tudun da masu gini suka yanke.

Na farko. Mutanenku sun kafa ma'aunin ruwan sama a kan tudun. Suka ce idan ruwan ya kai inda ƙasa za ta iya sakkowa, saƙo zai zo wa ladaninmu, Malam Isa, ya sanar ta lasifikar masallaci. Muka yi ta sa muku albarka.

Na biyu. Ranka ya daɗe, a Suleja kake kwana kuwa? Ko yaron goye ya san hadari na haɗuwa ake ɗauke wuta. Lasifikar nan kuwa da wuta take aiki.

Ranar Talata bayan La'asar na'urarku ta yi aikinta, saƙo ya iso. Malam Isa ya kunna lasifika, shiru. Dattijon nan ya fito cikin ruwa yana ihu har muryarsa ta dushe, amma wa zai ji shi, ruwa na dukan kwano? Ni dai ƙarar duwatsu na ji. Laka ta ture katangar bayanmu, ta shigo har ƙafar gado. A kan tabarma na ja Baba zuwa zaure, shi yana salati, ni ina kuka. Har yau gwiwarsa a ƙuje take, ina jin kunyar kallonta.

Na uku. Da na kai kuka ofishinku, aka ce a wajenku gargaɗi ya fita a kan lokaci. Ya fita ina? Raina ya ɓaci ƙwarai. Mai lafiya zai ruga da gudu, Baba kuwa sai na nemo maza biyu kafin a fitar da shi daga gida.

Roƙona: ku sa wa lasifikar batir ko sola, ku kuma turo saƙon zuwa wayoyin matan da ke wuni a gida. Tudun ya riga ya tsage, damina kuma da saura.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare naka iyayen. Yanzu haka gabas ta yi baƙi, fanka ta tsaya, na shimfiɗa tabarmar a ƙofar ɗakin Baba.

Wassalam.

Hadiza, Maje, Suleja.