Mai Zama a Haguna

Kokilaben, 'yata, ki taimake ni, kwana goma sha tara suka rage mini.

Ni ban yi makaranta ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Waya nake yi wa magana tana rubuta miki, in kin ga shirme laifinta ne. Shekara hamsin da ɗaya na yi ina sassaƙa jiragen kamun kifi a Veraval, babu nawa ko ɗaya da teku ta riƙe. Mai shayin bakin tashar jirage ne ke karanta mana filinki na ba da shawara a jarida, na ji ba kya yi wa mutane wa'azi, shi ya sa na zo.

Tun da gwiwa ta hana ni hawa katako na koma wasan katin foka a waya, irin gasar da mutum ɗari da 'yan kai ke shiga, ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma mutum na iya tura duk abin da ke gabansa a lokaci guda. Kafin ki ɗaga mini hanci, ba kuɗi muke sawa ba, 'yan kwabban wasa ne da ko ashana ba za su saya ba. Ƙarfe sha biyun rana ake farawa. Ina zama a tsohuwar rumfata, yanzu damina ce, jirage duk an jawo su tudu, ba kowa sai ni da ruwa a kan kwano.

Ban taɓa wuce minti ashirin ba a fitar da ni ba. Ba rashin iyawa ba ne. Tun ina ɗan shekara tara nake tin-pati, wasanmu na kati uku, duk bikin haihuwar abin bautarmu Krishna. A wurinmu namiji a rufe yake wasa, ba ya leƙa katinsa sai an kai maƙura. Mai leƙawa tun farko dariya ake yi masa. To ita wayar ba ta da kunya, da an raba sai ta baje maka katinka biyu a ido. Na yanko filasta na manna a wurin. Sai na ga dama nake ɗagawa.

Yanzu ga abin da ya kawo ni, ki saurara da kyau.

Mavji mijin ƙanwata Santok ne, abokin aikina shekara arba'in. Kullum a haguna yake zama a tabarmar kati. Mutum ne mai jan rai, sai ya bar ka kana jira har ƙafarka ta yi sanyi kafin ya sa, yana cewa, “Leƙa mana, Yaya, ba wanda zan gaya wa.” In ya cinye ka kuma sai ya turo maka farantin shayinsa da ɗan yatsa, wai ka jiƙa maƙoshi. Shekara takwas da suka wuce, ranar biki, na ga ɗigon kwaltar da muke shafa wa jirage a bayan kati ɗaya. Na gani da idona, ba wanda zai ce mini ban gani ba. A gaban jama'a na ce masa macuci. Ya bar katinsa uku a kife, ya sa takalmi ya fita. Daga ranar ba mu ƙara magana ba. Bara waccan ya mutu, ban sa kafaɗa a makararsa ba. Mutane sun yi ta surutu, su yi. Shi ya kamata ya zo ya ba ni haƙuri, shekara shida yana da ƙafa.

Wata huɗu ke nan wani yana zuwa teburina a wayar. Ba hoto, ba suna, sai lamba 417. Kokilaben, lambar jirgin farko da muka sassaƙa ni da Mavji ke nan, ni na zana ta da farin fenti. A haguna yake zama. Yakan bar agogon wayar ya kusa ƙarewa kafin ya sa, daidai irin jan ran nan. Da na tura duka sai ya biyo ni, kuma kullum nasa ya fi nawa. In na fita, sai hoton kofin shayi ya taso daga kujerarsa ya sauka a tawa. Ranar farko da na ga haka na ajiye wayar a kife, na zauna ina jin ruwa. Rumfar nan ta shekara biyu ba a dafa kwalta a cikinta ba, amma ran nan har a harshena na ji ta.

Ranar da aka cika shekara biyu da mutuwarsa, wadda ake ajiye wa hankaki abinci a kan rufi don mamaci ya ci, 417 yana kujerarsa amma bai taɓa kati ba. Kwabbansa suka yi ta zagwanyewa da kansu har ya ɓace. Na leƙa waje, ga hankaki ɗaya a kan gindin jirgi, jiƙe sharkaf, bai tashi ba har na rufe rumfa. Washegari mutumin ya dawo ya fitar da ni a hannu na shida.

To na san ko wane ne. Ko a can ma bai daina maguɗi ba. Na je wurin bautar da ke bakin teku na yi alwashi ba zan tsallaka ƙofar Santok ba sai na fitar da shi sau ɗaya, a rufe, kamar namiji. Sai ga shi ɗanta zai tafi da ita Ingila kwana biyu bayan bikin bana, kuma a shekarunmu wanda ya tafi ya tafi. Ta aiko maƙwabciyarta da saƙo, wai, “Ki gaya wa wannan tsohon kunkurun na daka masa yajin tafarnuwa, in ya ga dama ya zo ya ɗauka, ni ba zan kai masa ba.” Kin ji bakin, duk gidanmu haka muke. Ni na goya ta lokacin da uwarmu ke shanyar kifi. Ina son in gan ta. Amma ban taɓa cin alwashina ba.

Ki koya mini yadda zan fitar da shi kafin biki. Kar ki ce in ga likita.

Tsohon Masassaƙi, Veraval

*

Baba, na gaishe ka, kuma ba zan tura ka wurin likita ba. Da wasan za mu fara tunda shi ka tambaya.

Ka ɓare filastar nan yau. A tabarma wasa a rufe yana da ƙarfi saboda kowa na ganin ba ka leƙa ba, kuma rabin abin da mai leƙawa ya sa kake sawa. A waya ba wanda ya san ka rufe, ba kuma rangwame. Abin da abokan wasanka ke gani kawai shi ne wani mutum da ke shiga kowane hannu, yana tura duka da tarkace. Irin wannan ba sai da aljani ake cinye shi ba, haƙuri kaɗai ya isa: a jira kati mai kyau, a biyo shi. Abin da 417 ke yi maka ke nan.

Gasa ba ta son jarumta da wuri, daɗewa take so. A cikin hannu biyar ka zubar da huɗu, ba abin kunya ba ne, gwanaye ma haka suke yi. Ka shiga da manyan kati, ko biyu iri ɗaya, ka ɗan saki jiki in kai ne mai magana a ƙarshe. Wanda ke hagunka yana ganin abin da ka yi kafin ya yi nasa, don haka in 417 na can ka ƙara tsuke hannu, kar ka yi masa burga. Tura duka kuwa ka bar shi sai katinka ya yi ƙarfi sosai, ko kwabbanka sun kusa ƙarewa. Burinka na wannan makon ka kai awa ɗaya a zaune. Amma gaskiya ɗaya: ko ka bi duk wannan, fitar da mutum guda takamaimai cikin kwana goma sha tara sai sa'a ta taimaka. Ba zan yi maka alkawarin da kati bai yi mini ba.

Batun ko wane ne, gasar tsakar rana 'yan mutane ne, fuskoki ɗaya ke dawowa, kuma ranakun da ya zauna a damanka ba su kake tunawa ba. Lambar ce ban da amsarta, na yi ta juya ta ni ma, ba zan ce maka ba komai ba ce. Sai dai ranar abincin hankaki ba mamaci kaɗai ke da aiki ba, masu dafawa ma ba sa samun hannun riƙe waya. Akwai masu rai da suka san lambar jirgin nan, suka kuma shekara arba'in suna kawo shayi suna kallon yadda kowannenku ke wasa. Ban ce na sani ba.

Na yarda ka ga ɗigon kwalta. Amma a rumfar da kowa hannunsa kwalta, naka ma a ciki, ɗigo ba shaida ba ne. Ka kuma duba wannan: a waya ba bayan kati da za a yi wa alama. In Mavji ne ke cinye ka a can, to da iyawa yake cinye ka, kuma ƙila a tabarma ma da ita ce. In ba shi ba ne, ka yi alwashi a kan baƙo. Ko ta wane gefe ka bi, Santok ba ta ci maka komai ba, ita ce kuma ke biya.

Ka koma inda ka yi alwashin, ka kai kwakwa, ka gaya wa mai kula da wurin cewa cikin fushi ka yi shi, ya warware maka. Ba kai ne farau ba. Daga nan kar ka biya rumfa, ka miƙe gidan ƙanwarka. Ba sai ka tsara jawabi ba, ka zauna kawai ta zage ka son ranta, ka ci abin da ta ba ka. In bakinka ya iya furta sunan mijinta ba tare da kalmar nan da ka faɗa a gaban jama'a ba, ka furta, ta shekara takwas tana jira. Gasar sha biyu tana nan gobe, tana nan baɗi. Jirgin Santok sau ɗaya zai tashi.

Ina yi maka fatan sauƙin gwiwa da sanyin zuciya, Baba, ita kuma ta sauka lafiya bayan ta gan ka.

Kokilaben